Kilo Ukun da Baba Ya Ƙara

Tun da aka fara yi wa Baba wankin ƙoda, sikeli ya zama babban mutum a gidanmu. Yana girke a asibiti, a bakin ƙofar ɗakin wankin, kuma duk majinyacin da ya zo sai ya hau shi kafin a haɗa shi da na'ura. Nas ta yi mana bayani tun farko: ƙodar Baba ta daina fitar da ruwa, don haka duk abin da ya ɗoru a kan nauyin da likita ya yanke masa, ruwa ne, kuma shi za a zuƙe. Mama ta gane, ni ma na gane. Gwaggo, yayar Baba, da kunnenta ta ji, amma ya shiga ta nan ya fita ta can.

Gwaggo mace ce mai jiki, kuma a wurinta ƙiba ita ce lafiya, rama kuwa dole laifin wani ce. Baba bakanike ne, a da ƙato, irin wanda zai cicciɓi tayar babbar mota yana ba ka labari. Ciwo ya cinye shi har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Duk wannan, in ji Gwaggo, aikin Mama ne, da abincinta marar gishiri da ruwanta na ƙaramin kofi.

Sai ta tsiri bin mu asibiti. Takan tsaya a gefen sikelin, ta leƙa lambar tun kafin nas ta gani.

"Ya sake raguwa," in ji ta wata rana, a gaban mutane, tana duban Mama. "Ke wai miji aka ba ki ko kaza? To ki ji, in watan nan ya ƙare bai ƙaru ba, gidana zai koma. Ba zan zuba ido a ƙarasa min ƙane ba."

Mama ta ce, "Yaya, ai likita ne ya ce..."

"Likita ne ya goya shi?"

Gwaggo ce ta raini Baba bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har ya yi furfura bai taɓa ce mata a'a ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ai da sauƙi." Amma a mota na ga yadda ya riƙe hannun Mama. Mama ce ta san yadda ake juya shi, ta san tarinsa na ciwo da tarinsa na neman hira. Barin ɗakinta ya fi na'urar ba shi tsoro.

Ba a jima ba sai lambar ta fara hawa. Gwaggo ta washe baki, ta ce albarkar miyar da take aikowa ce a kular abinci. Miyar nan kuwa ni nake shanye ta, don gishirinta kaɗai ya isa ya kwantar da Baba. Nas kuma ta ɗaure fuska.

"Mama, kuna ba shi ruwa."

"Wallahi ba na wuce abin da kuka ce."

"To sikeli ba ya ƙarya. Ku dai ji tsoron Allah."

Laifi dai kullum na Mama ne. Idan ya ragu ita ce, idan ya ƙaru ma ita ce. Ta koma gida ta ƙara rage kofin, ta ɓoye buta, har ta riƙa tsayawa a kansa in yana wanke baki. Su kuma a asibiti suka ƙara abin da na'ura ke zuƙa. Baba ya riƙa dawowa da jiri, murya a dushe, ƙafafunsa na ɗaurewa har sai mun mammatsa masa. Duk da haka ranar wanki ta gaba shi ke fara shiri. Kullum sai ya ɗora tsohuwar rigarsa ta gareji, mai gajeren hannu da aljihuna da yawa, a kan kayan jikinsa, ya ce ɗakin wankin sanyi gare shi. Ɗakin kuwa da sanyi, don haka babu wanda ya zargi komai.

Ranar da abin ya faru ina zaune kusa da shi. Na'urar ta ɗauki ƙara, idanunsa suka juye, bakinsa ya karkace. Nas-nas suka taru a kansa, ɗaya ta zare rigar don ta kai ga ƙirjinsa, ta jefar. Rigar ta faɗi ƙasa tim, kamar an yar da jakar kayan aiki. Na ɗauka na laluba. Ƙarafan gareji ne, notuna da ƙananan sifanu, kowane aljihu da nasa, an naɗe su cikin tsofaffin safa don kada su yi kacau-kacau. Daga baya nas ɗin da ta yi wa Mama faɗa ta ɗora rigar a kan sikeli. Kilo uku saura kaɗan. Ta daɗe tana kallon lambar, sannan ta je ta durƙusa gaban Mama ta ce, "Ki yafe ni."

Na ji haushin Baba, ba zan ɓoye ba, haushin da har yau bai gama sauka ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa direbobi faɗa kan tuƙa mota ba ruwa a lagireto, shi ne ya kwanta ya bari ana tatse nasa jikin, don kawai ya kasa duban yayarsa ya ce ba zan je ba.

Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya tafi, harshensa ya yi nauyi. Na zaci yanzu dai Gwaggo za ta ji kunya. Na kai mata rigar har inda take zaune da baffannina a barandar asibitin, na zazzage ƙarafan a gabanta. Ta dube su, ta dubi Mama.

"Da ana ba shi abinci kamar mutum, me zai kai shi ɗaukar ƙarfe?"

Baffannina suka gyaɗa kai. Wai ai Mama ta gaji, a kai Baba gidan Gwaggo, a bar ta ta huta. Na buɗe baki, Mama ta taka min ƙafa.

Ranar da aka sallame shi, motar ɗan Gwaggo ce ta zo. Baba yana kan keken majinyata, ya damƙe gefen zanen Mama da hannunsa mai lafiya, yana ta ƙoƙarin magana, yawu na zuba. A'a yake cewa, ni na ji, amma yanzu babu mai fahimtar maganarsa sai mu biyu. Gwaggo ta sunkuya ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Saki mana. Ai tana iya zuwa gaishe ka."

Mama ta bi su har jikin mota, ta leƙa ta taga.

"Yaya, don Allah ruwan. Rabin kofi da safe, sauran..."

"Ni za ki koya wa rainonsa?"

Tun kafin a tayar da motar ta ciro gorar ruwa mai sanyi daga jakarta, ta tallafi kansa, ta kafa masa a baki. Baba ya yi watanni da ƙishirwa. Ya rufe ido yana sha, yana sha, motar ta ja.