Noeleen a Ɗakin Sanyi

Noeleen na zaune kan kwalin mangwaro a ɗakin sanyi, ta ɓalle maɓallan wuyan rigarta, ta manna kumatunta a jikin bangon ƙarfe, lokacin da Trent ya turo ƙofa. Ina bayansa ina ta yi mata alama da hannu, amma a banza, idonta a lumshe yake.

"Noeleen, lafiya?"

"Lafiya lau. Rufe ƙofar nan, yaro, kana shigo mini da zafi."

Trent ɗan mai gonar mangwaron da muke wa aiki ne. A bara uban ya sakar masa rumfar da muke tantance mangwaro muna sawa a kwali, a bayan garin Mareeba. Noeleen kuwa ita ce shugabarmu tun yana rarrafe, shi ya sa ba ta yi masa kwana-kwana. Yaron ba mugu ba ne. Kunya ce ta yi masa yawa, kuma duk abin da bai gani a kwamfuta ba, to a wurinsa babu shi.

Abin da bai sani ba, mu matan da muka haura hamsin muna da tsarinmu. Shekarun ɗaukewar al'ada sun riske mu kusan tare. Zafi ne yake taso wa mace daga ƙirji, ya haye wuya, ya mamaye fuska, kan ka ce me ta jiƙe sharkaf. Ga kwanon rufi, ga ranar Disamba, watan da zafi ya fi tsanani a ƙasar nan, ga rigar aiki mai kama da leda. To idan abin ya taso wa ɗayarmu, sai ta cire hularta ta ɗaga sama. Ta kusa da ita ta matso ta riƙe mata wurinta a bakin bel ɗin da ke jawo mangwaro gabanmu, ita kuma ta sulale ɗakin sanyi ta dawo hayyacinta. Losaline, ƙawarmu 'yar tsibirin Tonga, takan ce da za a tara zafin jikinmu, da an gasa alade an ciyar da coci guda.

A ranar nan Trent ya hana mu shiga ɗakin sanyi. Ya ce yawan buɗe ƙofa yana ɓata sanyin mangwaro.

* * *

Da rana ta take, Noeleen ta fara kuskure. Matar da ke gane mangwaron da ƙaron bishiyarsa ya ƙona tun daga nesa, sai ga ta tana barin ɓatattu suna wucewa ta gabanta. Barci ba ya samuwa, kai ya yi nauyi, zufa na shiga ido. Abin ya dame ta ƙwarai, domin wannan aikin shi ne mutuncinta, kuma ba ta da wani.

Ta ja ni muka shiga ofishinsa, wai in zama shaida.

"Ba ragi nake nema ba," ta ce masa. "Ka bar waɗanda ke so mu fara da asuba, mu tashi kafin rana ta yi tsanani. Aikin ɗaya ne. Ni dama a farke nake."

"Saboda... wannan abin ne?"

"Wane abin? Faɗa mana. Ba ya cizo."

Kunnuwansa suka yi jawur. "Abin na mata."

"Uwarka ma ta yi shi, Trent. Ni na riƙa yi mata fifita a bikin ƙanwarka."

Na danne dariya har cikina ya ƙulle. Ya ce zai duba, kuma ya duba ɗin. Mako na zagayowa aka sanar da shayin hantsi na musamman domin karrama mata, kowa ta zo da farantin abinci daga gida kamar yadda aka saba. Wato mu muka kwana muna toya kek ɗin da za a karrama mu da shi. Trent ya tsaya ya karanta jawabi daga wayarsa, ya kira mu ginshiƙan kamfani, sannan ya raba mana mafitai na roba masu hoton mangwaro. Aka zuba mana shayi mai tururi.

Losaline ta dubi kofinta. "Ɗana, mace tana cin wuta, ka miƙa mata ruwan zafi? Allah ya ba matarka haƙuri."

Kowa ya kwashe da dariya, har shi. Sai da aka watse ya tare Noeleen a bakin ƙofa, ya ce lokacin aiki ba zai taɓu ba, don idan ya yi wa ɗaya, kowa zai nema.

"Dale mai motar ɗaga kaya fa?" ta tambaye shi. "Duk Alhamis da wuri yake tashi ya je koya wa yara ƙwallo."

"Wannan daban. Ƙwallo ce."

Ya ce idan ta ga ba za ta iya ba, akwai wuri a lungun masu naɗe kwali, rabin yini, wata ta riƙe shugabancin. A ransa taimako ya yi mata. Noeleen ta ce ta gode. Ranar Juma'a ta ajiye aiki, ta wanke kofinta, ta sa a jaka, ta rungume mu ɗaya bayan ɗaya. Har tsiya ta yi wa Losaline kan kek ɗinta da bai tashi ba. Ni kam na yi kuka, ban ɓoye ba.

* * *

Ba a yi wata guda ba, mai sayen kayanmu a birnin Sydney ya bugo waya yana faɗa. Ya ce mangwaron da ake sawa a kwali da tsakar rana yana isowa a nune luguf, idan aka sake zai koma wata gonar. A ranar Trent ya tara mu. Ya ce daga gobe kowa zai fara da asuba, a tashi kafin rana ta yi tsanani, domin mangwaro ba ya jure zafi.

"Allah sarki mangwaro," in ji Losaline. "Shekararsa nawa?"

Gaskiya tsarin ya yi mana daɗi. Ana aiki cikin iska, ana waƙa, da azahar kowa tana gida ƙarƙashin fanka. Na ce da Trent ya kira Noeleen. Ya sosa ƙeya, ya ce ya riga ya ba wata wurin, ba zai yi kyau ba.

Hanyarmu ta zuwa aiki ta gaban gidanta take bi. Yau da asuba muka wuce a motar Losaline, gari bai gama wayewa ba. Tana tsaye a gaban gida da tiyo a hannu, tana ba ciyawar da ta riga ta jiƙe ruwa, ta yi wanka, ta taje gashinta tsaf. Ta ɗago mana hannu tana murmushi. Na ce mu tsaya mu gaisa, Losaline ta ce za mu makara.