Wuyan Gada

Massaoudou, maigidana, gwanin alkawari ne. Tun bara yake ce wa 'yarmu Soumaya zai kai ta ta ga namun daji da idonta, ba na littafin lakwal, wato makaranta, ba. Da hutu ya zo yarinya ta matsa masa lamba, sai ya ari motar abokinsa a Zongo. Muka bar Parakou da sassafe, muka bi hanyar Djougou har dajin gwamnati da ke bayan Kolokondé. Ni ban so tafiyar ba, na kuma faɗa masa.

Har rana ta take ba mu ga komai ba sai zabin daji da wani biri mai kallon raini. Muka shimfiɗa tabarma a gindin maɗaci, bakin rafi, na buɗe kular shinkafa. Wurin akwai kyau, wannan ba zan musa ba.

Sai ga hayaƙi, sai ihu da haushin karnuka. 'Yan farauta ne, irin waɗanda ake lodawa a babbar motar kamiyo da rani, su cinna wa ciyawa wuta, su tsaya da kulake suna jiran abin da zai fito.

Abin da ya fito gada ce, tana jan ƙafar baya a karye. Ta zube a kan tabarmarmu. Kafin in ce tak, Soumaya ta faɗa kanta ta ƙanƙame ta.

Karnuka suka iso. Ɗaya ya cafki hijabin yarinyar ya yage shi, wani ya kafa haƙora a damtsenta. Na maka masa kular shinkafa a ka, ko gezau. Massaoudou na shuri yana duka, wani jan kare ya tsarge masa ƙwauri har jini ya cika takalminsa. Su kuwa masu karnukan, Allah wadaran su, ba ta 'yata suke ba. Wani dogo na cewa kulkinsa ne ya karya ƙafar, wani na cewa karensa ne ya tayar da ita. Dogon ya ɗaga kulki ya fasa wa ɗayan goshi, mutumin ya faɗi yana shure-shure, abokansa suka zare adduna.

"Soumaya, sake ta!" Haka nake ta kururuwa.

"Za su kashe ta, Inna!"

Wani tsohon maharbi ya kama hannun Massaoudou. "Alhaji, muddin gadar tana kuka karnukan nan ba sa jin kira. Yanka ta maza, *vite*, ko su haɗa da yarinyar!"

Wuƙar da na kawo don fere abarba Massaoudou ya ɗauka. Ya ɓamɓare yatsun Soumaya ɗaya bayan ɗaya tana cizonsa, ya juya gadar gabas, ya yi bisimilla. Jini ya fesa wa yarinyar a fuska. Kukan dabbar ya ɗauke, masu karnuka suka samu suka janye su. Na ɗaure damtsen Soumaya da ɗankwalina, raina ya ɓaci da kowa, har da shi da ya ceto ta.

Tsohon ya raba naman tsakanin masu faɗan, sannan ya miƙa wa Massaoudou wuyan. "Rabon mai yanka ne."

"Baba, ku riƙe, na yafe."

"Ba a mayarwa. Raini ne."

Massaoudou ya dubi addunan da ba a mayar kube ba, ya karɓa. Aka naɗe shi a ganye aka sa mana a bayan mota.

A asibitin Djougou aka ɗinke Soumaya da ubanta, aka yi musu allurar cizon kare. Soumaya ba ta yi kuka ba. Da muka fito uban ya buɗe mata ƙofar gaba, inda ta zauna da safe tana zuba masa surutu. Ta zagaya ta shiga baya kusa da ni, ta ɗauki ƙunshin ganyen ta ɗora a cinyarta.

"Baba," in ji ta, "ai cewa ka yi gani kawai za mu yi."

Ya rufe ƙofar gaban, ya tayar da mota, muka kama hanyar Parakou.