Motar da Ake Turawa

Kwana huɗu ke nan Maharazu yana zarya tsakanin Yargoje da Ƙanƙara, ya kasa zaɓen akori-kurar da zai riƙa ɗauko masara da ita daga ƙauyukan Sabuwa. Guda biyu ya gani na sayarwa a Ƙanƙara, atomatik da manuwal. Atomatik ɗin ce ta kwanta mashi a rai, don tun da ya faɗo daga babur gwiwarsa ta hagu ba ta son taka kuloci. Manuwal kuwa, kun sani, a taɓon damina ƙafa ba ta hutawa.

Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa zaure, ya dawo.

"Kai, zauna mana, kana sa ni jiri!" in ji Dada, mahaifiyarsa. "Ni ban san kan mota ba. In batir ya mutu a dajin can, wacce ake turawa ta tashi?"

"Manuwal, Dada. Ɗayar sai an jira makaniki."

"Jira? A hanyar da ko fitsari ba a tsayawa yi? Gwiwa dai in ka dawo gida ina gasa maka ita."

Maharazu ya zura takalmi, ya fita da ɗingishi neman babur, kada wani ya riga shi ga manuwal ɗin.