Igiya a Hannun Bahago

Ban san ko bihim ba a karatu, 'yata ce ke rubuta wannan. Amma rijiya sittin da uku na haƙa da hannun nan, kuma duk waɗanda muka fara tare ni kaɗai na rage ina taka ƙasa. Ki rubuta haka, kar ki rage ko ɗaya.

Mu biyar ne a aikin, yare huɗu. Oga kaɗai ke tsintar kowanne kaɗan-kaɗan. A jikin bokitin ƙarfen da muke fitar da ƙasa akwai wata kalma da jan fenti, an ce mini harufa huɗu ne. Dogo ya ce a yarensu gishiri ke nan. Mai dafa mana abinci ya ce a nasu suruka ce. Bahago kuwa, wani gajere mai faɗin ƙirji da ba mu haɗa kalma ko ɗaya ba, in an faɗe ta sai ya murtuke fuska. Oga ya ce a garin su Bahago zagin uwa ne. Shi ya sa ba zan faɗe ta a nan ba, ban san wanda zai karanta ba.

To ni da tsokana. Wata rana muna cin abinci na faɗe ta sau uku, ina kallon Bahago ido cikin ido. Ya ɗauki shebur ya maka mini a kafaɗa. Na tashi na ba shi kai a baki, haƙora biyu suka faɗa cikin kwano. Lokacin in na bugi mutum, har dangin uwarsa sai sun ji.

Oga yana da doka ɗaya: waɗanda suka yi faɗa yau, gobe ɗaya a rami, ɗaya a igiya.

Na ce, "Oga, wannan ai kisan kai ne. Mutumin da na zubar wa haƙora?"

Ya ce, "Da ka tuna da haka kafin ka buɗe wannan bakin naka mai kama da bokiti. Sauka, sarkin ƙarfi."

Da safe na zauna a kan katako aka zura ni. Igiyarmu ba a ɗaure ta a komai. Mai riƙo ne ke naɗa ta a ƙugu da hannu, don ya ji motsin na ƙasa. Ina rataye a tsakiya ina gyaran bango, ƙarƙashina gaba shida, duwatsu da rodi a tsaye kamar masu. Ina ɗaga kai ina hango kumburarren bakin Bahago.

Sai na ji ihu. Ashe mai filin da muke haƙa yana rigima da 'yan'uwansa a kan wurin, su kuma suka turo ƙarti da gora da adda su kore mu. Mai abinci ya ranta a na kare. Aka shimfiɗe Dogo, aka fasa wa Oga kai. Saura Bahago a bakin rami.

Na ji wani yana cewa, "Kai guntu, saki igiyar nan ka ɓace!"

Wani ya ce, "Kurma ne? Ba shi a hannu, zai ji."

Bai san yarensu ba, amma adda ba ta buƙatar tafinta. Na ji tim, igiya ta zame kamu guda, ta tsaya. Na sake jin tim. Wani abu mai ɗumi ya ɗigo mini a goshi, na shafa, jini. Ya biyo igiyar yana gangarowa har tafin hannuna.

Ban jira a ja ni ba. Na soke dagi a ɗamara, na kama igiya, hannu bayan hannu, nauyina duka a kan mutumin da ake sara. Ina fitowa na tarar da shi a durƙushe, ya tokare ƙafa da dutsen bakin rijiya, suna dukan bayansa kamar masu sussuka.

Na farkonsu na ba shi dagi a gwiwa, na ji ta fashe kamar ƙwarya. Mai addar na kama wuyansa na haɗa fuskarsa da bokitin nan har fentin ya ƙara ja. Wani ya tsaga mini kunne, ga shi nan, ki duba. Na cije masa yatsa sai da na ji ƙashi. Su bakwai ne. Dogo ya ce huɗu, amma Dogo a kwance yake, me ya gani?

Da suka watse muka kasa kwance igiyar daga hannun Bahago, ta nutse cikin nama. Sai da wuƙa aka yanke ta. Yatsa biyu suka rage masa a hagun, hannun da yake ci da shi, yake aiki da shi. Bai sake riƙe igiya ba. Shi ya koma dafa mana abinci shekara tara, ni ke yanka masa albasa. In na fara cika baki sai ya ɗaga yatsun nan biyu ya nuna giɓinsa, kowa ya fashe da dariya.

Yanzu 'yata ta ajiye biro tana tambayata, "Baba, ka taɓa yi masa godiya kuwa?"

Da wane yare? Na dai kankare kalmar nan daga bokiti da dutse yana kallo.

Ɗauki bironki. Waccan rijiyar ita ce ta ashirin da biyu. Koma sama inda kika sa sittin da uku. Ki bar mini ashirin da biyu, sauran ki rubuta na Bahago ne.