Ɗacin Kabewar Mai Agogo

Wajen ƙarfe tara na safiyar Laraba wayar ta shigo, Mai Agogo yana tsugune a bayan gida yana cire ciyawa. Nas ce, shugabar ƙungiyarsu ta masu adana iri. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Baba, kada ka ci kabewar nan. Kada kowa ya ci. Tela da matarsa suna asibiti tun jiya da la'asar, ƙarin ruwa ake yi musu."

"Wace kabewa?"

"Taka. Mai dogon wuya. Irin da ka raba mana."

Ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Ya ce inna lillahi, ya sake cewa, sannan ya ce ai ba zai yiwu ba, shi da iyalinsa sun ci guda biyu a makon jiya, zaƙi kamar an zuba zuma. Nas ta ce ya yanka duk wadda ta rage, ya ɗora a kan harshe kawai kada ya haɗiye, ga ta nan zuwa.

Shekara talatin da takwas ya yi yana gyaran agogo kafin yanar ido ta kore shi daga shago. Zaman gida ya nemi ya kashe shi da ransa, har matarsa ta fara cewa ya koma ƙirga mata ashana. Ita ce ma ta jiyo labarin wasu 'yan sa-kai da ke taruwa ranar Asabar a ɗakin baya na laburare, suna noma tsofaffin irin kayan lambu waɗanda kasuwa ta daina sayarwa, su tara irin su raba kyauta don kada ya ɓace. Ya je sau ɗaya don ta ƙyale shi, sai ya zarce. Da suka ga yadda yake riƙe hantsaki da yadda yake rubuta kwanan wata a kan kowace kwalba, suka damƙa masa abin da suka fi ji da shi: ƙwaya tara ta wata kabewa mai dogon wuya, wadda wata tsohuwa ta kawo a ƙulle cikin tsumma wata biyu kafin rasuwarta, ta ce tun kakarta ake shuka ta a gidansu.

Nas ta koya masa ƙa'ida. Kabewa ba ta da kunya, in ji ta, duk ƙurar furen da ƙudan zuma ya kwaso mata karɓa take yi. Don haka da yamma sai a ɗaure bakin furen da zai buɗe gobe, da safe a kwance, a shafa masa ƙurar furen ɗan'uwansa da hannu, a sake ɗaurewa, a sa jan zare a wuyansa. Mai jan zare kaɗai ake ɗibar wa iri. Bara ya yi haka, ya sami iri cike da kwalba, aka raba ambulan talatin da huɗu.

Yanzu ya jera kabewa shida a kan tabarma, ya ɗauko wuƙa. Ta farko zaƙi. Ta biyu zaƙi. Ta uku, wadda wuyanta ya ɗan gajarta, yana ɗora ta a harshe sai da ya zabura. Ɗaci ne da bai taɓa jin irinsa ba, ya wuce maɗaci, ya kama maƙogwaro ya riƙe. Ya tofar, ya kuskure baki sau uku, ɗacin yana nan daram.

Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Malam, lafiya? Ka ga fuskarka kuwa?"

Ya zauna daɓas a ƙasa, yana kallon kabewar kamar an ce masa ɗansa ne ya yi kisa.

Da Nas ta iso ta ɗanɗana, ita ma ta tofar. Ta zagaya lambun, ta tsaya a gindin katanga, ta ɗaga kai. Wasu 'yan ƙananan duma na ado, masu ƙuraje da ratsin kore da rawaya, suna reto daga gidan maƙwabci.

"Tun yaushe waɗannan suke nan?"

"Tun bara," in ji matar. "Sabon maƙwabcinmu ne ya shuka, wai don kyau."

"To ga shi. Dangin kabewa ne, amma ba a cin su, dafi gare su. In ƙudan zuma ya haɗa su da ta ci, 'ya'yan wannan shekarar lafiya lau suke, sai irin da ke cikinsu ne ya lalace. Wanda ya shuka shi ne zai girbi ɗaci, kuma dahuwa ba ta kashe shi." Ta juyo. "Amma ai kai ka ɗaure furanninka, Baba. Ta ina ya shiga?"

Shi kuwa ya san ta ina. Bara, ana tsakiyar fure, aka kira shi aikin ido, ya yi kwana goma bai leƙa lambu ba. Da ya dawo ya tarar da kabewa uku sun ƙullu, babu jan zare ko ɗaya. Sun girma sun fi sauran kyau. Ranar cire iri ya tsaya a kansu da wuƙa, ya ce a ransa wannan asara har ina, ai kamarsu ɗaya da sauran. Ya kwashe irinsu ya zuba cikin kwalba ɗaya da na masu zare, ya girgiza.

Ya faɗa mata haka, kansa a sunkuye. Matarsa ta dafe ƙirji.

"Kai? Kai da ko cokali aka sauya wa wuri sai ka yi magana?"

Nas ta buɗe jaka ta fito da littafin ƙungiya. "Faɗa sai daga baya. Ambulan talatin da huɗu muka raba, kuma yanzu kowa ke girbi. Ni zan kira daga sama, kai ka fara daga ƙasa."

Suka zauna a kan benci, kowa da wayarsa. Wani ya ce tasa awaki sun cinye tun tana ƙarama. Wata ta ce ba ta ma shuka ba, ambulan ɗin yana cikin durowa. Wani mai gyaran famfo ya ce ai shi jiya ya jefar da tukunya guda, ya zaci matarsa ce ta zuba sabulu, har sun kwana ba sa magana. Duk wanda Mai Agogo ya kira sai ya sake faɗin maganar daga farko, kuma kowane karo sai ta ƙara yi masa nauyi a baki.

Ta goma sha ɗaya a jerinsa wata malamar firamare ce. Ya yi mata bayani.

"Baba, ba a gida na shuka ba," in ji ta. "A lambun makaranta na shuka. Jiya muka girbe, na kai wa kuku. Yau za ta dafa wa yara. Ni kuma ina wajen taro a wani gari, kukun kuwa ba ta da waya."

"Ƙarfe nawa suke ci?"

"Sha biyu."

Ya duba agogon hannunsa. Sha ɗaya da minti ashirin. Bai tuna ya sa takalmi ba sai da matarsa ta biyo shi da su har bakin titi. Nas ta tare tasi. A hanya wata babbar mota ta tsaya tana sauke buhunan siminti ta toshe layi, ya buɗe ƙofa ya fita ya kama gudu, dattijo mai shekara sittin da uku da babbar riga, mutane suna kaucewa suna tambayar ko gobara ce.

Kicin ɗin makarantar rumfar kwano ce a bayan ajujuwa. Kuku, wata ƙaƙƙarfar mata da ɗankwali ɗaure a ƙugu, tana juya wata ƙatuwar tukunya da muciya. An jera kwanoni sun fi ɗari a kan tebur.

"Baiwar Allah, tsaya! Kada ki zuba!"

"Wane ne kai?"

"Kin ɗanɗana?"

"Azumi nake. Shekara goma sha biyar ina girki a nan, sai yau za a koya mini gishiri?"

Ya tsoma yatsa a gefen tukunyar, bai damu da zafi ba, ya kai baki. Ɗacin yana nan, ya ɓuya a ƙarƙashin gishiri da mai, irin wanda yaro mai jin yunwa zai yamutsa fuska ya haɗiye. Ya kama hannun tukunyar da gefen rigarsa ya kifar da ita a ƙasa. Kuku ta saka ihu ta ɗaga muciya, da Nas ba ta shigo a daidai lokacin tana haki ba, da a kansa za ta sauke ta. Sai da shugaban makaranta ya zo aka yi bayani. Kuku ta saurara har ƙarshe, ta dubi kwanonin da ke jere, ta zauna a kan buhun gawayi tana salati. Aka buga ƙararrawar cin abinci suna tsaye a wurin. A ranar, burodi da shayi yaran suka samu.

Da yamma ya je asibiti. Tela yana kwance, ya rame a kwana ɗaya kamar wanda ya yi wata yana jinya, matarsa tana ɗakin mata. Mai Agogo ya tsaya a bakin gado ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba.

"Amma kai ma, da ka ji ɗaci me ya sa ka ci gaba?" in ji Mai Agogo.

"Na zaci haka take," in ji Tela da ƙyar. "Na ce wa maiɗakina kayan mutanen da ai magani ne, ta daure. Har ƙari na yi mata." Ya yi ƙoƙarin dariya, cikinsa ya murɗa ya fasa. "Ka je ka ba ta haƙuri da kanka. Ni dai ta ce in mun fita za mu yi magana."

Kwana huɗu suka yi aka sallame su. Ranar Asabar ƙungiya ta taru a ɗakin baya na laburare, aka tara duk irin da aka iya karɓowa a cikin bokitin ƙarfe, har da kwalbar Mai Agogo. Babu yadda za a bambance mai kyau da marar kyau da ido, kuma babu wanda ya yarda a sake gwadawa a kan cikin mutane. Aka fita da shi bayan gini aka zuba kananzir. Shi ya ƙyasta ashanar. Kabewar da gida ɗaya ya riƙe tun zamanin kakanni, a hannunsa ta ƙare cikin shekara biyu.

Ya ce zai bar ƙungiyar. Wasu suka gyaɗa kai alamar amincewa. Nas ta ce ba ta karɓa ba, wanda ya ƙone shi ya san wuta, amma kabewa kam ya yi sallama da ita. Ta tura masa wata 'yar kwalba ta jan wake.

"Wannan ba ruwansa da maƙwabta sosai. Ka fara da shi."

Ambulan talatin da ɗaya suka gano. Sauran ukun wani baƙo ne ya karɓa ranar rabo, ya ce zai kai wa 'yan'uwansa a ƙauye, lambar da ya rubuta kuma ba ta cika ba, saura lamba ɗaya. Mai Agogo ya gwada cike gurbin da sifili har zuwa tara, a farko, a tsakiya, a ƙarshe. Ya samu mai sayar da taya, ya samu wata amarya, ya samu wani da ya zage shi. Har yanzu in ya idar da sallar azahar yakan zauna a kan benci ya gwada wasu.