Mutumin da Bai Ji Hon Ba

Alƙali bai gama rufe baki ba kotun ta hargitse. Wata mata a bayana ta miƙe tana tafa hannu tana salati, Mai Aski na layinmu ya cire hularsa ya maka a ƙasa, 'yan sanda suka matso suna cewa kowa ya zauna ko a fitar da shi. Kyaftin kuwa, wanda duk saboda shi aka taru, yana zaune tsakanina da yayarsa, kansa naɗe da bandeji, yana bin bakunan mutane da ido. Bai ji komai ba. Tun da aka haife shi bai taɓa jin komai ba.

Ya taɓa gwiwar Yaya, ya juya tafin hannunsa sama. Tambaya ce: me aka ce?

Abin da aka ce shi ne, mutumin da ya fasa masa kai da ƙarfen kwance taya ya amsa laifinsa, ya nuna nadama, bai taɓa laifi ba, kuma bai san Kyaftin kurma ba ne. Don haka an yi masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. Zai biya kuɗin asibiti, zai je har gida ya ba da haƙuri a gaban shaida, shi ke nan. Ko kwana ɗaya ba zai yi a gidan yari ba.

Yaya ta juyo gare shi. Daidai lokacin wani ɗan sanda ya riƙe mutumin a hannu ya shiga da shi ta ƙofar baya, inda zai sa hannu a takardu ya tafi gidansa. Kyaftin ya bi su da kallo. Sai Yaya ta ɗaga hannuwanta ta gicciye su, alamar ankwa. Ta kama haɓarta ta ja ƙasa a hankali har ƙirji: wato zai zauna a gidan yari sai gemunsa ya yi tsawo, sai ya yi fari.

Kyaftin ya yi murmushi. Ya miƙe da kyar, ya haɗa ƙafafu, ya sara wa alƙali irin ta soja.

Sara wa mutane ɗin nan ne ya jawo masa sunan. Shagon gugarsa yana manne da shagon ɗinkina, bango ɗaya ya raba mu shekara da shekaru. Kullum cikin farar riga yake, mai karin guga kamar za ta yanke yatsa. A bakin ƙofarsa akwai makunni, a saman teburinsa akwai ƙwan fitila ja. In ka zo da kaya ka danna, ƙwan ya ƙifta, sai ya ɗago ya sara maka. Kowa a layinmu yana da suna a hannunsa. Ni juya kan keken ɗinki ce. Mai Aski yatsu biyu ne masu tsinke iska. Yaya kuwa hannu ne a ƙugu, don ita ta raine shi, kuma da faɗa ta raine shi.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka, ya ɗauko rigunan wani yana tsallake layi, ya ɗaga su sama a maratayi kada su taɓa ƙasa. Wata baƙar mota ta shigo ta bayansa tana hon. Ta yi hon, ta sake, ta danne shi ba sakewa. Na ɗago daga keke na buɗe baki zan ce kurma ne, amma mutumin ya riga ya fito. Ya buɗe bayan mota, ya ɗauko ƙarfen, ya ce shi za a raina wa hankali. Duka ɗaya ya yi a ƙeya. Da Kyaftin ya faɗi, ya ƙara masa da ƙafa. Rigunan ba su taɓa ƙasa ba sai da hannunsa ya saki.

A hanyarmu ta dawowa daga kotu Yaya ta tsayar da mu a bakin layi, ni da Mai Aski da Baba Fansho, tsohon ma'aikacin da ke wuni a bencin shagon aski yana gyara wa rediyo magana. Ta ce likita ya gargaɗe ta, har yanzu kan bai gama warkewa ba, kada a bari ransa ya ɓaci. Ta ce tun da aka sallamo shi ba ya iya tsallake layi sai ya riƙe rigarta, mutumin da ya ba arba'in baya.

"Duk wanda ya gaya masa gaskiya, ni da shi ne," in ji ta. "Ku bar shi ya warke tukuna."

Muka amsa. Kafin yamma duk layin ya amsa.

Ba wuya ɓoye wa kurma magana, wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Gari ya ɗauka gaba ɗaya. Wani ya ɗauki dukan a waya, hoton ya zaga ko'ina. Rediyo ba ta da zance sai nasa. Masu keken guragu da makafi da sandunansu suka cika ƙofar kotu da kwalaye. Wasu na cewa a canja doka, duk wanda ya taɓa mai naƙasa a ninka masa hukunci. Wasu na cewa doka ba ta san kurma da mai ji ba, duka duka ne. Duk wannan a gabansa ake yi, yana zaune a kujera a ƙofar shagonsa yana shan iska, yana sara wa masu wucewa.

Mai Aski ya juya talabijin ɗinsa ta fuskanci bango. Da Kyaftin ya tambaya, ya nuna masa wai ta lalace. Shi da Baba Fansho kuma kullum sai sun yi. Mai Aski ya ce a ba shi mutumin minti biyar kawai da reza, zai yi masa askin da ba zai sake neman wani ba. Baba Fansho ya ce alƙali da abin da aka kai gabansa yake aiki, rauni aka rubuta, rauni ya hukunta.

"To, Baba, da kan ɗan alƙalin aka fasa fa?"

"Ka aske min gemu, ka bar min doka."

"Ai na gani, dokar ma irin fanshonka ce. Sai mutum ya mutu take fitowa."

Suna yi suna murmushin dole, don Kyaftin yana kallonsu daga ƙetare. In ya ɗaga gira, sai Mai Aski ya harba ƙafa a iska, wai ƙwallo suke musu.

Da ya ɗan ji ƙarfi ya koma guga, duk da Yaya ta hana. Ya nuna mata zaman banza ne ke sa masa ciwon kai. Wani lokaci ina jin dutsen guga ya tsaya, in leƙa in same shi dafe da tebur, ido a rufe. In na taɓa shi sai ya gicciye hannuwa, ya ja gemun da ba shi da shi, ya yi dariyarsa marar sauti. Nakan taya shi. Har tsallake layi ya fara yi shi kaɗai.

Yaya ta aika wa lauyan mutumin cewa ba sa son haƙurin, ya riƙe abinsa. Lauyan ya ce ba zaɓi ba ne, sharaɗin kotu ne, in ba a cika ba wanda yake karewa ne zai shiga matsala. Ta ce to su je gidanta, ita za ta karɓa. Ya ce wanda aka yi wa laifi aka rubuta. Ba su gaya mana ranar ba.

Ina cikin ɗinke hannun wata riga na ji hon a ƙofar shago. Na san shi tun kafin in ɗago. Baƙar motar ce, an wanke ta tana ƙyalli, ta tsaya daidai inda jinin ya zuba. Mutumin yana ciki, yana danna hon a ƙofar kurma don a fito masa.

Mai Aski ya fito da almakashi a hannu, Baba Fansho ya riƙe masa riga ta baya. Na aika a kira Yaya, na tare ƙofar Kyaftin da jikina, na ce ba ya nan. Lauyan ya fito da wani mai ɗaukar hoto a waya, ya dube ni, ya dubi makunnin da ke gefen kafaɗata. Ya miƙa hannu ya danna.

Jan ƙwan ya ƙifta. Kyaftin ya fito yana goge hannu, ya ɗaga hannun dama zai sara wa mai kaya. Hannun ya tsaya a hanya.

Mutumin ya cire tabarau. Ya yi ƙiba ma. Ya fara karanto abin da aka koya masa, cewa sharrin zuciya ne, ranar yana sauri ne, yana neman afuwa. Yana yi yana ɗaga murya, kamar ƙarfin murya ne ya rage. Kyaftin bai dubi bakinsa ba. Wuyan hannunsa yake kallo, inda agogo yake, inda babu ankwa.

Yaya ta iso a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Kyaftin ya juya gare ta. Ya gicciye hannuwansa a hankali, sannan ya raba su. Ya nuna ta. Ya juya kan keke a iska, ya nuna ni. Ya tsinke iska da yatsu biyu. Ya zagaya yatsa ya haɗa duk layin, masu shaguna da masu leƙe ta taga, ya juya tafin hannu sama.

Duk muka kau da ido.

"An gama ko?" in ji mutumin, yana tambayar lauyansa.

Ban san yadda motar ta fita daga layin ba. Na dai ji dutse ya sauka a bayanta, na ji Baba Fansho, mai kare doka, yana zagin da ban taɓa ji a bakin dattijo ba. Ni Kyaftin nake kallo. Ya shiga shago, ya taka kujera, ya naɗe hannu da tsumma, ya kwance jan ƙwan ya sa a aljihu. Ya turo ƙofa.

Washegari Kyaftin ya zo shago da wuri. Yaya ta ce a gida ma bai dubi hannunta ba, duk abin da ta nuna sai ya kau da kai. Na je na danna makunnin duk da na san babu ƙwan fitilar. Na koma na buga bango da tafi yadda yake ji a jikin teburinsa. Bai rama ba. Amma ina jin dutsen guga yana tafiya, sai na ce a bar shi ya huce, da yamma zan shiga in durƙusa masa.

Wajen azahar na ji ƙauri.

A duk zamanmu Kyaftin bai taɓa ƙona ko hankici ba. Na tashi keke yana juyawa, na banke ƙofar. Hayaƙi ya cika shagon. Dutsen yana zaune a bayan wata farar riga, ya ci ta har ya kai ga bargon tebur. Shi kuma yana ƙasa a gefensa, ƙafa ɗaya a lanƙwashe, jini siriri yana fitowa daga kunnen da bai taɓa yi masa amfani ba. Na kira sunansa. Na san ba ya ji, amma na yi ta kira har Mai Aski ya zo ya ɗaga ni.

Bai kai asibiti ba.

Likita ya ce jini ne ya daɗe yana tsattsafowa a cikin kai tun ranar dukan. Yaya ta riƙe hannun rigarsa ta tambaye shi ko ɓacin rai ne ya fasa jijiyar, ko da ba ta yi masa ƙarya ba da yana nan.

"Baiwar Allah, ƙarfe ne ya kashe shi," in ji likitan.

Ta gyaɗa kai, amma ba ta saki rigar ba sai da na ɓamɓare yatsunta.

Gari ya sake tashi, ya fi na farko. Aka ce za a sake kama mutumin, wannan karon da laifin kisa. Aka ce lauyansa yana cewa ba a hukunta mutum sau biyu, kuma wa ya aiki marar lafiya tsayuwa a kan guga. 'Yan jarida suka cika layinmu, suka ɗauki hoton ƙofar, suka tambayi Mai Aski shekara nawa yake ganin ya dace. Mai Askin da bakinsa ba ya rufuwa ya dube su kawai, ya koma ciki. Talabijin ɗinsa har yau bango take kallo.

Da aka watse, ni da Yaya muka buɗe shagon don mu mayar wa mutane kayansu. Duk ya goge su kafin ya faɗi, ya jera kowa da nasa, ban da farar rigar nan. A cikin ledar da asibiti suka ba ta akwai makullinsa da tsumma da jan ƙwan, bai fashe ba. Ta juya shi a hannu. Ta taka kujera ta mayar da shi inda yake.

Muna cikin naɗe kaya wata tsohuwa ta iso, mai kawo zannuwan gado, ta yi tafiya ba ta ji labari ba. Ba ta leƙo ba. Ta sauke ƙullinta a bakin ƙofa kamar kullum, ta danna makunni, ta gyara tsayuwa tana jira.

Ƙwan ya ƙifta a kan teburin, ja, ya mutu. Ta sake dannawa.