Hayaƙin Baffa

Ranar Laraba Hindatu ta yi abin da malaminta ya sha hana ta. Kyaftin Gwadabe, mai koya mata tuƙin jirgin sama, kullum cewa yake matuƙi ba ya faɗin "gobe zan bi ta kaza", sai dai "in an bar ni". To amma wa zai tuna wa yarinya wannan, bayan ta buɗe taswira ta ga hanyar da aka zana mata ta bi ta kan Gaya, ta karkata arewa, ta ratsa daidai saman Gafasa, inda aka binne cibiyarta?

Nan take ta kira wayar Goggo Larai, ƙanwar mahaifinta, don shi mahaifin nata, Baffa Bubayero, bai taɓa yarda ya riƙe waya ba. Aka kai masa.

"Baffa, gobe da hantsi zan wuce ta kanku. Ni kaɗai, babu malami."

"Ke kaɗai?" in ji shi. "To yaya za ki gane gidan? Daga sama ai duk rufi ɗaya ne."

"Akwai taswira, Baffa."

"Takarda ba ta san gidana ba. Zan yi miki hayaƙi."

Ta san hayaƙin da yake nufi. Da damina makiyayi kan tara busasshen kashin shanu, ya kunna, ya rufe da ɗanyen ganye don ya kori ƙudaje daga garke. Tana ƙarama, in gero ya fi ta tsawo ta rasa hanya, wannan hayaƙin take bi ta dawo da maruƙa gida. Yanzu garken ya koma shanu huɗu, tun da gonaki suka cinye burtali, ga ciwon yanar ido ya rufe wa Baffa gani, ba ya ganin komai sai inuwa. Jirgin dai ba zai gan shi ba. Ƙararsa kawai yake so ya ji a kan gidansa.

Gari na wayewa ta tarar da sabuwar sanarwa a allon makaranta. Sojoji sun rufe sararin da ke arewa da Gaya, za su yi atisaye daga safe har azahar. Kyaftin Gwadabe ya ɗauki jan biro ya ja layi a taswirarta, Gafasa ta faɗa can ciki.

"Ki juya a kan Gaya," in ji shi. "In kika tsallake layin nan, ko da fiffike ɗaya ne, ni da kaina zan rufe littafinki na tuƙi. Kin ji ni?"

"Na ji, Kyaftin."

Sau uku tana kiran wayar Goggo kafin ta shiga jirgi, sau ukun a kashe. Wayar ƙauye ke nan, ranar da ba ka da magana ita ce ranar da take da caji.

Ta tashi ƙarfe tara da rabi. Ba wannan ne karon farko da ta tashi ita kaɗai ba, amma har yanzu takan waiga dama ta ga kujerar malami wayam, an ɗaure bel ɗinta a kan iska. A ƙasa ma dai kusan haka take. 'Yan ajinsu 'ya'yan birni ne, hirarsu daban, in ta je gida kuma ba wanda ya san me zai tambaye ta bayan gaisuwa. Kaɗaici ya riga ya zame mata abokin tafiya, sai dai na sama ya fi sanyi.

Ta bar gadar Wudil a baya. Ƙasa ta yi kore shar, kududdufai na ƙyalli tsakanin gonaki. Can sai ga Gaya, rufin kwano birjik, babura da keke mai ƙafa uku na ta kai-komo a kan titi kamar tururuwa. Ta faɗa wa hasumiyar filin jirgi inda take, muryar mutumin ta amsa a gajarce ta ɗauke.

Sai ta kalli hagu.

Hayaƙi ne fari, mai kauri, ya miƙe sama tsaye daga tsakiyar gonaki. Ba na girki ba ne, ba kuma na korar ƙudan shanu huɗu ba. Tsohon ya zuba duk abin da ya tara. Ko makaho ne ke tuƙin sai ya gane gidan.

Tafiyar minti huɗu ce. Hindatu ta sake duba jan layin da ke taswirarta. Ta hango Baffa a ranta zaune kan buzu, ya karkatar da kai, ya hana kowa motsi don kada ya rasa ƙarar. Wa zai sani? Hasumiya za ta sani, sojoji za su sani, kuma bayan layin nan akwai abin da ya fi rufe littafi muni. Ta zagaya Gaya sau ɗaya, ta ƙara wa inji wuta ko iska za ta kai masa sautin. Wauta ce, ita ma ta sani, don nisan ya yi yawa.

Ta juya hancin jirgin yamma. Ta yi kuka, ba ta kuma share ba, tunda ba mai gani.

Da ta sauka Kyaftin Gwadabe ya duba hanyarta ya ce madalla, ya sa hannu a littafi, ya wuce shan shayi.

Sai bayan la'asar wayar Goggo ta shiga.

"Tun asuba yake bakin wutar nan," in ji Goggo Larai. "Ya sa mu tari har azahar. Ga shi."

"Hindatu," muryarsa a dishe take, "ki yi haƙuri, laifina ne. Ruwan shekaranjiya ya jiƙa kashin, ina jin bai kama da kyau ba. Ni kuma ba ido gare ni ba balle in san ko ya tashi."

Da ta yi shiru da shi ke nan, hayaƙi ya ɗauki laifin. Ta kasa bar masa wannan.

"Ya tashi, Baffa. Tun daga Gaya na hango shi. Babu kamarsa a duk yankin."

"To?"

"An rufe hanyar ce yau da safe. Sojoji ke aiki a wurin, aka ce kada kowa ya shiga."

Tana jin kukan saniya a bayansa.

"Ashe can ma an yi shinge," ya ce a hankali. "Ni na zaci ke kin tsira." Ya yi gyaran murya. "Kin yi daidai. Shekara arba'in ina kiwo, ban taɓa sa saniyata a gonar mutum ba. Yaushe za su buɗe miki burtalin?"

Hindatu ta riga ta ga jadawalin. Sauran tafiye-tafiyenta duk yamma da kudu suka nufa, ba wanda ya ƙara bi ta Gaya.

"Ban sani ba tukuna, Baffa."

"To," in ji shi. "Zan tara wani, in ajiye inda ruwa ba zai taɓa shi ba."